Talaka ya ga damina ta canza, saura ya tambayi masu riƙe da amana

Binciken jin ra'ayi da ƙungiyar Afrobarometer ta yi a Nijeriya a 2022 ya nuna cewa kusan mutum 3 ne kacal cikin 10 suka ce sun taɓa jin batun sauyin yanayi. Wasu 'yan boko na ɗaukar wannan adadi hujja cewa talaka bai san abin da ke faruwa ba, sai an tara shi an wayar masa da kai. Ban yarda da wannan fahimta ba.

Ka zauna da manomi a Gumel ko Daura ka tambaye shi yadda damina take yanzu. Zai gaya maka cewa da, idan ya yi binne, ya san kwana nawa zai jira. Yanzu ruwa kan sauka sau ɗaya kamar da bakin ƙwarya, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone, ya koma kasuwa neman iri da bashi. Idan Agusta ta zo kuma, ruwan wata guda ya zuba cikin kwana biyu, ya kwashe takin da ya sayar da akuya ya saya. Mutumin Yusufari da ke kallon rairayi na cinye masa gona, da masuncin Baga da kakansa ya san Tafkin Chadi lokacin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ba sa buƙatar wani ya zo daga birni ya ce musu abubuwa sun canza.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayanin da muke ba kanmu. A majalisa da tasha da ƙofar masallaci, amsoshin ba su wuce uku ba. Wani ya ce ƙaddara ce. Wani ya ce zunubanmu ne suka yi yawa. Wani kuma, musamman cikin matasan Facebook, ya ce maganar Turawa ce, suna so su hana mu cin moriyar man fetur ɗinmu bayan su sun gama gina ƙasashensu da kwal.

Mai magana ta uku yana da gaskiyarsa, kuma bai kamata a raina shi ba. Duk nahiyar Afirka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma mu ne ke kwana a ruwa. Sai a 2022, a taron Sharm el-Sheikh na ƙasar Masar, manyan ƙasashe suka amince a kafa asusun biyan asara da ɓarna, kuma abin da suka yi alkawari bai taka kara ya karya ba. Amma rashin adalcin Turawa bai mayar da zafin watan Afrilu ƙarya ba.

Batun ƙaddara kuwa, babu Musulmin da ke jayayya da ita. Sai dai addinin da ya koya mana sallar roƙon ruwa shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma aya ta 41 a Suratur Rum ta danganta ɓarnar da ta bayyana a tudu da teku da abin da hannayen mutane suka aikata. Abin da ke damuna shi ne yadda wannan kyakkyawar aƙida ta zama mafakar masu mulki. Da zarar jama'a sun ce "haka Allah ya so", sai jami'i ya sauke ajiyar zuciya, ya raba shinkafa da tabarma, a rufe magana.

Dubi Maiduguri. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin, ya shiga kasuwar Monday Market da asibitin koyarwa, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. Ruwan sama ya yi yawa a shekarar, babu musu. A watan ne tsohon masallacin Damagaram ya rushe a Nijar. Amma madatsar nan ta taɓa jawo wa birnin ambaliya a 1994. Shekara 30 ke nan tsakani. Wa ke da alhakin duba ta? Me aka yi a tsawon wannan lokaci? Bayan wata takwas sai ga Mokwa a jihar Neja, inda sama da mutum 150 suka rasu a ƙarshen Mayun 2025. Kafin su akwai ambaliyar 2022 da ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasa, Jigawa na cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Yanzu ma wata sabuwar mafaka ta fito. Jami'in da da yake cewa ƙaddara, ya koyi cewa "sauyin yanayi ne", kamar hakan ya wanke shi. A'a, nauyi ya ƙara masa. Idan ka san ruwa zai riƙa zuwa da ƙarfi fiye da da, to yashe magudana, gyaran madatsu da hana gini a kan hanyar ruwa sun zama wajibi. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina, hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, NIHSA, na lissafa ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Akwai dokar sauyin yanayi da aka sa wa hannu a 2021. Akwai asusun kula da muhalli da jihohi ke karɓar kasonsu daga ciki. Mutum nawa ne a mazaɓarka suka taɓa tsayar da ɗan majalisa suka ce ya faɗa musu inda kuɗin nan suka shiga?

Mu ma da namu. Mai zuba shara a kwata da mai sare itace ya ƙona gawayi suna cikinmu, ko da yake ba zan ɗora wa uwar gida laifin girki da gawayi ba alhali gas ya fi ƙarfin aljihun mijinta.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna abin da ke yiwuwa idan ra'ayin jama'a ya juya. Bayan farin 1984, manoma suka daina tumɓuke kututturen da ke tofowa a gonakinsu, suka riƙa zaɓen reshe mai ƙarfi suna rainonsa. Da suka ga gawo na ƙara wa gero albarka, kuma suka tabbata itacen nasu ne, ba na ma'aikacin daji ba, sai dabarar ta bazu daga gona zuwa gona har ta kai kimanin hekta miliyan 5.

Saboda haka limamai da gidajen rediyo su karanta wa mutane hasashen NiMet da Hausa kafin shuka, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Idan kuma 'yan takarar 2027 suka zo neman ƙuri'a a Haɗeja ko Mokwa ko unguwar Gwange ta Maiduguri, a tambaye su wace magudana za su gina, wace madatsa za su gyara, da wane kuɗi, kuma a wace shekara.