Ni da Butar Tsohuwar Baturiya

Tunda yaron nan na gidan Yaya ya riga ya kai ni gaba a guruf ɗin gida, har a majalisar Ƙofar Ƙaura an fara ce mani Alhaji Buta, gara ku ji daga bakin mai ita.

Zuwan da muka yi bikin gama karatun Auta ne a Belfast. Shi yaron na gidan Yaya, uban 'yan iyawa, ya ce mu sauka Glasgow ta fi arha, mu hau jirgin ruwa a Cairnryan, awa 2 da 'yan mintoci mun ƙetare, ba ruwanmu da wata biza tunda duk Birtaniya ce. Jirgin na safe ne, sai ya kama mana ɗaki a Stranraer nan kusa da tashar, irin gidan da tsohuwa ke zaune abinta ta ba ka ɗaki ka kwana, da safe ta haɗa maka kalaci. Bayi guda ne a baranda kowa da kowa, famfo biyu, ɗaya ya sale ka ɗaya ƙanƙara, buta kuwa ko ta magani babu.

Lokacin zafinsu ne, asuba tun wajen ƙarfe 3 take yi. Na tashi na dudduba sai ga butar lantarki a kan tire da kofuna da biskit, na ce alhamdulillahi ashe suna da hankali. Na ɗauka na shiga na surka ruwa na yi abin da zan yi na yi alwala. To daɓen gidan katako ne, kowane taku sai ya yi ƙara, ashe tsohuwa ta farka ta zaci ɓarawo. Ina buɗe ƙofa na ishe ta tsaye da rigar barci da tocila, ni kuma wando a naɗe har gwiwa, ƙafa jagab, gemu na ɗiga, butarta a hannuna ita ma tana ɗiga. Ta haska butar, ta haska bayin, ta haska ni, ta sake komawa kan butar. Wallahi Turancin da na yi shekaru ina koyarwa a sakandare ya gudu ya bar ni, abin da ya fito bakina kawai shi ne wai shayi zan dafa. Ta ce a bayi? Na ce eh. EH fa na ce, jama'a, har da ɗaga kai.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Da safe muna tebur da wasu direbobin tirela da za su hau jirgi ɗaya da mu, tsohuwa ta yi wa yaron tambaya a hankali, shi kuma ya gyara zama ya shiga yi mata bayanin aikin buta a ƙasar Hausa dalla-dalla, da hannun da ake riƙewa da wanda ake aiki da shi, har da kwatance. Yaron da ni na yanka mashi ragon suna. Ni na kai shi asibiti a kan babur da ya haɗiye kwabo, lokacin ubanshi na Funtuwa wajen auduga, ku tambayi Yaya in ƙarya nake. Wani direba mai jan gemu ya aje kofinshi a hankali bai ƙara taɓa shi ba. Tsohuwa ta haye sama, sai ga ta da safar roba har gwiwar hannu, ta riƙo butar nesa da jikinta kamar mushen ɓera, ta wuce ta gabanmu ta jefa a shara.

Kalacin ma burodi da wake na ci, don baƙin abin nan mai zagaye an ce jinin alade ne. Ta saka kuɗin butar a risit, na biya, kuma ba ta ba ni ita ba, wannan ne har yanzu yake ci mani rai, lafiyayyar buta.

Jirgin dai mun samu, ba laifi, akwai kujeru. Masu tambayar hotunan biki suna wayar yaron, ku neme shi da kanku, ni ba na mashi magana tukuna.