Talaka a gaban alƙali ba lauya

Jama'a tun jiya da na dawo daga kotu raina bai kwanta ba. Na raka maƙwabcina ne, ɗansa mai gyaran waya a Rigasa aka kama wai ya sayi wayar sata, wata huɗu kenan yana tsare. A caji ofis aka rubuta masa sitetimen da Turanci aka ce dangwala ya dangwala, yaron da ko firamare bai gama ba. Jiya ana karanto takardar yana ta raba ido, ba kowa a gefensa, babansa kuma dattijo sai share hawaye yake da bakin riga. Wallahi na kasa kallonsa.

Abin ya tuna min da shari'ar Gideon ta Amurka. Gideon talaka ne a jihar Florida, 1961 aka zarge shi da fasa gidan wasan sinuka, ya roƙi alƙali a ba shi lauya aka hana, ya kare kansa da kansa aka ɗaure shi shekara 5. Daga kurkuku da fensir ya rubuta wa Kotun Ƙoli, 1963 alƙalai tara suka haɗu a kan magana ɗaya, dole gwamnati ta ɗaukar wa wanda ba shi da hali lauya in laifin babba ne. Aka sake shari'ar da lauya, kotu ta wanke shi. Tuhumar ba ta canza ba fa, wanda ya iya yi wa shaidu tambaya kawai ya samu.

Mu nan sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 cewa ya yi ka kare kanka ko ka kawo lauyan da ka zaɓa. To wanda kuɗin Keke zuwa kotu ma sai ya ranto, da me zai zaɓa? Hukumar Legal Aid mai ba talaka lauya kyauta tana nan tun 1976, dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta yi tanadin lauya da tafinta lokacin ɗaukar sitetimen, Kaduna ma ta yi tata a 2017, amma je ka tambayi mutanen layinmu ka ji ko mutum biyu sun san da haka. Ni a ganina tun a caji ofis ake cin talaka, kafin ya ga alƙali an gama da shi, don haka nan ya kamata lauya ya fara tsayawa.

Gobe in Allah ya kai mu zan kai Baba ofishin Legal Aid. Lauyoyin da ke nan, wanda zai iya tsaya wa yaron nan don Allah ya yi min magana, an ɗage zaman zuwa wata mai zuwa.