"Kun gane?" ba tambaya ba ce

A makarantun da 'ya'yanmu ke zuwa a Agege da Idi-Araba cikin Legas, tambayar da ta fi yawo a ajin kimiyya ita ce "Kun gane?" Yara su haɗa baki su ce e, malam ya goge allo. Ni a wurina wannan sallama ce kawai.

Kwanaki na zauna a bayan wani aji na ƙaramar sakandare a Agege. Babu ɗakin gwaje-gwaje, ledar fiyawata mai sanyi kaɗai malamar ta shigo da ita. Ta ɗora a tebur, ba a jima ba jikin ledar ya yi raɓa. Ta ce, "Ruwan nan na waje, daga ina ya zo?" Wani yaro ya ce ai ledar ce ke yoyo. Da malami mai gaggawa ne, nan take zai gwale shi, ya rubuta bayani a allo a haddace. Ita kuwa sai ta ce, "To, ta yaya za mu gane ko yoyon ne?" Ta ja bakinta ta yi shiru.

Shirun ya yi tsawo, har ni baƙo na fara tsarguwa. Can wata yarinya ta ce a kawo gorar zoɓo mai ƙanƙara: in yoyo ne, jan ruwa za a gani. Aka sayo a bakin makaranta, aka goga farin ƙyalle. Ya jiƙe sharkaf, babu ɗigon ja. Sai a lokacin aka shiga maganar tururin da ke cikin iska, wanda ke komawa ruwa in ya taɓa abu mai sanyi, da dalilin da gora ke zufa a Legas ta bakin teku fiye da Kano cikin hunturu.

Wannan shirun an yi bincike a kansa. A farkon shekarun 1970 wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano malamai kan jira kamar daƙiƙa 1 ne bayan sun yi tambaya. Da aka kai jiran daƙiƙa 3 zuwa sama, amsoshi suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara sa baki. Balle yaronmu, da ke tunani da Hausa, ya yi wasa da Yarbanci da Burokin, sannan a ce ya amsa da Turanci. Kafin ya gama juya maganar a ransa an wuce shi.

Na san me malamai za su ce: aji ya cika maƙil, manhaja na da yawa, ga jarabawar WAEC na jira a gaba. Gaskiya ne, kuma ba kowane darasi ne zai samu irin wannan sarari ba. Amma gorar zoɓo nawa take? Daƙiƙa 3 kuma ba ta taɓa hana kowa gama manhaja ba.

Ana dab da tashi, yaron nan mai maganar yoyo ya ɗaga hannu ya tambayi inda ruwan da ke ɗiga a bayan na'urar sanyaya ɗaki yake fitowa, tunda ba wanda ke zuba mata ruwa. Malamar ba ta ba shi amsa ba. Ta ce ya je ya duba, ranar Litinin shi zai yi wa ajin bayani.