Ɗan Garwa, kabarinsa a Dakar

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwana na Garwa, Marwa, Ngaundere da duk inda wannan saƙo ya isa.

Allah Maɗaukaki ya ce a ƙarshen Suratu Luƙman: babu rai da ya san abin da zai aikata gobe, babu kuma rai da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta. Mu mutanen arewacin Kamaru muna da tafsirin wannan aya a cikin gidanmu, wato Alhaji Ahmadu Ahidjo.

A nan Garwa aka haife shi a 1924. Ma'aikacin gidan waya ne kafin ya shiga majalisa a 1947, ya zama firaminista a 1958, sannan shugaban ƙasa na farko a 1960. Shekara 22 maganarsa ita ce doka. A zamaninsa jirgin ƙasa ya iso Ngaundere, aka kafa kamfanin Sodecoton da manoman audugarmu ke hulɗa da ita har yau, aka datse kogin Binuwai a Lagdo. Wanda ya ce bai yi aiki ba, bai yi masa adalci ba. Amma wanda ya ce ba a yi kuka a mulkinsa ba, shi ma ya ɓoye gaskiya. Jam'iyya ɗaya tak aka bari daga 1966, kuma akwai gidajen da har gobe in an ambaci kurkukun Tcholliré sai hawaye ya zubo musu.

Ranar 4 ga Nuwamba 1982 ya sanar da ajiye mulki da kansa, bayan kwana biyu ya miƙa wa firaministansa Paul Biya. To, ku dubi saurin juyin duniya. A 1983 ya bar ƙasar. A farkon 1984 kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa ba ya nan, daga baya aka sassauta. Bayan yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu 1984, 'ya'yan arewa da yawa suka rasa rayukansu, wasu suka shafe shekaru a tsare. Waɗanda jiya suke rububin gaishe shi suka koma tsoron furta sunansa. Ranar 30 ga Nuwamba 1989 ya rasu a Dakar ta ƙasar Sanagal, aka binne shi a maƙabartar Yoff. Matarsa Germaine ta zauna can tana jiran ranar da za a mai da shi gida, har ita ma ta cika a 2021, aka kwantar da ita a can.

Ban kawo wannan don a zage shi ba, wallahi. Manzon Allah (SAW) ya hana zagin matattu, ya ce sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Da kai nake magana, ɗan uwa, kai da ke riƙe da 'yar kujera yau: lawan, jauro, shugaban 'yan kasuwa, mai sa hannu a takardar fili, har maigida a kan iyalinsa. Sojoji da jiniya da 'yan rakiya duk sun tsaya a baya. Abin da ke bin mutum cikin rami shi ne aikinsa da haƙƙin bayin Allah, kuma haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kawai, sai an biya ko mai shi ya yafe. Gonar marayan da ka haɗa da taka, mayar musu tun hannunka na iya sa hannu. Wanda ka sa aka kulle saboda ya faɗa maka gaskiya, neme shi yau, kada girman kai ya hana ka zuwa ƙofar gidansa.

Allah ya gafarta wa Alhaji Ahmadu Ahidjo, ya jiƙan duk waɗanda suka rasu a fitinun wancan zamani, ya ba iyalansu haƙuri, ya sa mu cika da imani. Amin.