Bashin gwamnati: yadda Amurka ke cire nata tun kafin kuɗi ya iso hannunka

A nan Amurka, daga ƙarshen Janairu zuwa 15 ga Afrilu kowa lissafin haraji yake yi. Ana cire wa ma'aikaci haraji daga albashi, galibi fiye da abin da ya kamata, sai gwamnati ta dawo masa da rarar. Ga mai ƙaramin ƙarfi da ke da 'ya'ya, har da tallafi a ciki, don haka a gidaje da yawa shi ne kuɗi mafi kauri na shekara. Da shi ake biyan haya, a gyara mota, mu kuma mu aika gida.

To amma kafin ya sauka a asusunka, sai ya ratsa ta Baitulmali. A can ake duba sunanka da lambarka ta haraji cikin jerin waɗanda ake bi bashi: kuɗin ciyar da 'ya'ya da kotu ta ɗora wa uba, bashin karatu, harajin jiha. In an same ka, a cire, a aiko maka da takarda. Doka ta ce a sanar da kai kwana 60 kafin a miƙa sunanka, sai dai wanda ya sake gida sau da yawa bai ga wasiƙar ba. Matar da suka cike takardar haraji tare da mijinta ma abin kan shafe ta, sai ta cike wani fom mai lamba 8379 kafin a dawo mata da kasonta.

A gida Najeriya kuwa bashin gwamnati ganima ne. Ku tuna rancen manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015: da yawa sun ɗauke shi rabonsu ne na arzikin ƙasa. Ban goyi bayan haka ba, bashi hanji ne.

Duk da haka ba na son Najeriya ta kwafo tsarin nan ta fara da talaka, don ko a nan shi ya fi ji a jika. Attajiri ba ya zaman jiran rarar haraji. Abin koyi shi ne, wannan tsarin yana taɓa har kuɗin da gwamnati za ta biya ɗan kwangila. Tun 2010 AMCON, hukumar gwamnatin Najeriya da ta sayi basussukan bankuna da aka kasa biya, ke fama da manyan masu taurin bashi. Duk wanda sunansa ke wannan jerin kuma ya ci kwangilar gwamnati, a cire daga kuɗinsa tukuna, kafin a waiwayi mai shinkafa a Argungu.