Kududdufan Kano fa, ba filin jama'a ba ne?

Wani labari da na karanta ya ce rusau ne zai dawo da filayen jama'a a Kano, amma ban ga inda aka taɓo kududdufai ba. Kowa idonsa na kan shagunan Filin Idi da otal ɗin Daula da aka rusa a watan Yunin 2023, don a nan siyasar take. To ruwan sama fa, ina zai bi? A unguwarmu cikin birni akwai kududdufin da muka taso muna kamun tarwaɗa a bakinsa. Muna ji muna gani aka dinga juye masa ɓaraguzai da tifa, yau jerin shaguna ne a kai. Damina na sauka, ruwan da ya saba kwanciya a can sai ya shigo mana soro, har tabarmar da mahaifinmu ke karatu a kai ta tashi tana yawo. Ambaliyar Kantin Kwari ta 2022 ma ai gini kan hanyar ruwa aka yi ta zargi. Kai kuma malam mai cewa wai gwamna ne mai ƙasa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 amana ta ba shi ya riƙe wa jama'a, ba gadon gidansu ba ne. Badala, wato ganuwar birni, ita ma haka aka yi ta yanka ta kamar tsire. Ɗan kasuwan da ya sayi fili an rushe masa, mun gani. Wanda ya sa hannu a takardar fa, yana ina?