Samarin Kuseri, ku bar sarar jingar kogi

Assalamu alaikum. Ƙannena masu buga tubali a bakin kogin Logon a nan Kuseri ta Kamaru, da ku nake. A makon nan na tarar da samari majiya ƙarfi da diga da shebur suna sarar gindin jingar da ke tare mana ruwa, suna loda ƙasar a baro da amalanke. Da na yi magana, ɗaya ya ce wai ƙasar wurin ta fi danƙo, kuma ai rani ne, kogi ya ja baya. Wallahi har yanzu abin yana ci mini rai.

Wanda aka haifa a Kuseri bai kamata a koya masa halin ruwan nan ba. Logon daga tsaunukan Adamawa yake ɗauko ruwansa, kogin Shari daga Afirka ta Tsakiya, su haɗu a ƙofarmu, tsakaninmu da Njamena. Shi ya sa sai damina ta ɗauke a nan, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sannan kogi ke kai matuƙar cika. Ramin da ka haƙa da rani, lokacin ne ruwa zai zo nemansa. Ba sai ya haura jinga ba. Jiƙa ta yake yi, ya tsattsafo ta inda aka rage mata kauri, ya yi ta wanke ƙasa ta ciki har ta zube, wataƙila tsakar dare mutane na barci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ku kuwa da hannunku kuke tsaga shi.

Ko kun manta 2022? Shari ya wuce mita 8 a Njamena, unguwar Walia ta koma sai da kwalekwale, har gwamnatin Chadi ta ayyana dokar ta-ɓaci a watan Oktoba. A 2024 ambaliya ta kashe mutum sama da 500 a Chadi, gada ta karye a garin Yagwa na Kamaru, madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. Mu nan ma wa ya yi barci? Mun kwana cika buhuna da ƙasa, mata na addu'a da goyo a baya. Wasunku suna cikin masu ɗaukar buhunan nan. Yau kuma ku ne da diga. Gemun maƙwabci ya kama wuta, maimakon ku shafa wa naku ruwa, kalanzir kuke nema.

Bayan ambaliyar 2012, Kamaru ta ciyo bashin sama da dala miliyan 100 daga Bankin Duniya don gyara madatsar Maga da jingar Logon ta can sama. Kun ga tsadar abin da kuke sayarwa a kan kuɗin baro ɗaya. Kuma idan ma'aikata suka zo suka auna, suka zana taswirar inda ruwa ke kaiwa da inda ba ya kaiwa, da jinga lafiyayya suke lissafi. Unguwar da takarda ta ce tana cikin aminci, jingar ce amincinta. Kun sare ta, taswira ta zama ƙarya, tsohuwar da ta yarda da ita ta kwana a hanyar ruwa ba ta sani ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan ruwan ba ya zaɓe. Mai tubali ya karɓi kuɗinsa ya wuce, marayu da masu jego su koma ajin makaranta da tabarma.

Ban manta da dillalan da ke yanka fuloti a kwari da rani suna sayar wa baƙi ba, ko masu juye shara da leda a magudana. Nasu na nan tafe. Kuma kada wani ya ce mini talauci. Na san babu aiki, amma kuɗin tubalin nan nawa ne ke isa gida? Rabi a tiramol, rabi a cacar ƙwallo. Manzon Allah (SAW) ya hana cuta da cutarwa, to wace cuta ta wuce buɗe wa kogi ƙofa a kan musulmi da maƙwabta?

Ku nemi ƙasa a wani wuri, ku ji tsoron Allah, iyaye su tsawata, hukuma ta sa ido. Da can ba a ma kai ga haka. Bulama ya sa a yi shela, gari ya fito gayya da kwanduna tun kafin ruwa ya zo, a toshe duk inda ɓera ya huda. Yaro ya ɗebi ƙasa a jinga, duk dattijon da ya gani ya kama kunnensa, ubansa ya zo ya yi godiya. Yanzu ka yi magana a ce ta gidanku ce? Manya ma sun koyi kau da kai, wasu su ne ke aika yaran, su ne ke sayen tubalin don ya fi araha.